Ka Kunna Katin a Gaban Kawunka

Safana, Laraba bayan la'asar.

Zuwa ga ɗana Sada,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sa kun ratsa hanya ba wanda ya tsayar da ku, Ya kuma sa ka sauka Katsina da ƙafar dama. Ka gaishe mini da kawunka Alhaji Bishir da mutanen gidansa baki ɗaya, manya da yara, ka yi musu godiyar karɓarka da suka yi.

Ka yi mini haƙuri da na ɗora maka karatun doguwar takarda a makon da kake fama da rajistar makaranta da koyon hanyoyin gari. Na san za ka ce ai da na kira ka. Ka san yadda waya take a nan, sai an hau tudun bayan makaranta ake samun magana, kuma ni mutum ne wanda in yana magana da baki yakan bar muhimmin abu a baya, sai ya kashe waya ya tuna. Abin da aka rubuta kuwa yana nan zaune. Ka karanta yau, ka sake karantawa ranar da za ka shiga kasuwa.

Ba labarin gida zan ba ka ba, kowa lafiya. Maganar kwamfutar wasan nan da za ka haɗa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ka san abin da ke cikin aljihunka. Kuɗin baƙin bijiminka ne, wanda kakarka ta ba ka yana maraƙi, wanda shi kaɗai ya tsira lokacin da ɓarayi suka kore shanun ƙauyen Zakka, domin ranar yana ɗaure a gida yana jinyar kofato. Babu na biyu a turke. Da ka zo mini da shawarar cewa za ka haɗa inji, da rana ka yi aikin makaranta da shi, da yamma 'yan'uwanka ɗalibai su biya su buga wasan ƙwallo ka samu na abinci, ban yarda ba, kuma ban ɓoye maka ba. Na yi istihara, na yi shawara, daga baya na sallama. Tunda na sallama ba zan koma baya ba, ba kuma za ka ji na yi maka gori ba. Abin da ya rage mini shi ne in tsaya a kan a yi abin daidai tun karon farko, domin ba mu da halin karo na biyu.

Ban yi makarantar kwamfuta ba. Abin da na sani na tsince shi ne daga 'yan takardun nan da ake ninkewa a saka cikin kwalin kaya, waɗanda mutane ke yarwa tun a bakin shago. Ni nakan kwashe su, in zauna da ƙamus ina bin su layi layi. Ragowar kuma na koye shi daga abubuwan da suka lalace a hannuna, kuma su zan faɗa maka yadda suka faru, ba don in ba ka dariya ba, ko da yake za ka yi.

Shekarar da na buɗe shagon tura wa mutane karatu da waƙoƙi a waya a Batsari, kana goye a lokacin, na je sayen kayan injina na farko. Na shiga kasuwa da idon mai sayen ragon layya. Abin da ya fara ɗaukar hankalina wani akwatin inji ne babba, gefensa gilashi, fitilu shuɗɗa suna zagaya fankarsa. Na zuba masa kaso mai tsoka, sannan na koma ina neman kayan ciki da abin da ya rage. Da na kawo shi shago na kunna, taubashina Ila maƙeri ya leƙo, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Taubashi, wannan injin aiki ne ko adakar amarya?" Na ce masa ya jira ya ga aiki. Muka jira. Muka yi ta jira, injin yana ta walƙiya, allon bai gama buɗewa ba. Ila ya ce, "To, ƙahon dai ka sayo. Naman kuma yaushe za ka koma ka ɗauko?"

Saboda haka kada ka fara da abin da ido ke gani. Ka fara da wasan. Kowane wasa masu shi sukan bayyana ƙarfin injin da yake buƙata, akwai mafi ƙaranci, akwai kuma wanda suke ba da shawara. Ka nemi na biyun, domin na farkon irin tuwon da ke hana mutuwa ne kawai. Daga nan sai ka raba kuɗinka. Kaso mafi girma na katin hoto ne, wanda 'yan kasuwa ke kira girafik, domin shi ne ke zana duk abin da ke motsi a allo. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, matsakaiciya ta ishe ka, kada wani ya ruɗe ka da mai tsada alhali katinka rarrauna ne. Ka taɓa ganin an haɗa ƙaton sa da ramamme a garma ɗaya, ka kuma ga yadda kunyar ke fita a karkace. Madabod, faifan da komai ke zama a kansa, ka ɗauki mai sauƙi wanda ba kwalliya. Ma'ajiya ka ɗauki irin ta zamani marar motsi a ciki, ko da ƙarama ce, ta fi tsohuwa mai juyawa sauri nesa ba kusa ba, kuma ana iya ƙara wata in Allah Ya hore. Akwati shi ne na ƙarshe. Abu biyu kawai ake nema a wurinsa: iska ta shiga ta gaba ta fita ta baya, katin kuma ya shiga ba tare da ya tokare ba. Ka auna tsawon katin da zare ka gwada a cikin akwatin kafin ka biya. Ba abin kunya ba ne a ga mutum da zare a kasuwa.

Kuskurena na biyu da hannun Ila a ciki, ko da yake har gobe yana musu. Na sayo ram, 'yan sandunan nan da inji ke riƙe aikin da yake yi a kansu, domin in ƙara wa injin sauri. Na zo sakawa ta ƙi shiga. Akwai wata 'yar tsaga a ƙasan sandar, akwai kuma wani ɗan tudu a cikin ramin da za ta zauna, sai na ga ba su yi daidai ba, bambancin bai kai faɗin ƙwayar dawa ba. Ila ya karɓa ya juya ta, ya ce, "Mi ke nan? In ƙota ta ƙi ruwan fartanya ai sassaƙe ta akai." Ya koma maƙera ya ɗauko magagari. Ni na riƙe, shi ya goga. Ta shiga kuwa. Da na kunna, wani siririn hayaƙi ya tashi, sanda ta tafi, madabod ya bi ta. Sai bayan kwana biyu na karanta a takardar kwalin cewa da gangan aka gusar da tsagar, domin ram tsara tsara ce, kuma an yi tudun ne don ya hana mutum irina saka wadda ba ta gidan ba.

Mu mutanen gona mun saba da cewa abin da ya ƙi shiga a rage shi ko a buga shi. A wannan sana'a abin da ya ƙi shiga magana yake yi maka. Haka furosesa take, kowace da irin mazauninta a kan madabod, kuma ana rubuta sunan mazaunin a jikin kwalayen biyu. Ka ɗora kwali kusa da kwali ka karanta da idonka, harafi da lamba, kada ka tsaya a kan "ai duk ɗaya ne" na mai shago. In za ka sayi ram, sanduna biyu iri ɗaya sun fi guda ɗaya babba. Kafin ka taɓa kowane faifai ka dafa ƙarfen akwatin, ka riƙe shi ta gefe kamar yadda ake riƙe hoto. Kuma kada ka manta da 'yan ƙusoshin da ke ɗage madabod daga jikin akwati, in babu su bayan faifan zai kwanta a kan ƙarfe.

Na uku shi ne fawa, ɗan akwatin da ke karɓar wuta ya raba wa kowane sashe. Shi ba ya ƙara sauri, ba ya ƙara kyan hoto, saboda haka a kansa mai ƙaramin ƙarfi ke fara rage kuɗi. Ni ma a kansa na rage. Na sayi wani marar nauyi kamar gwangwanin da ba komai ciki, an rubuta masa ƙarfi mai yawa a jiki. Ya yi watanni yana aiki. Wata rana da bazara janareta ta yi tari ta dawo da ƙarfi, na ji ƙara kamar an fasa ƙwarya. Fawa mai kirki in abu ya faru shi kaɗai yake mutuwa ya kare sauran. Nawa ya tafi da ma'ajiyar da ke ɗauke da duk karatuttukan da na tara. Da na kwance shi na tarar da tsaka a ƙone a ciki, zanzaro kuma ya yi gini a bayan fankar har ba ta juyawa sosai. Har yau ban san wanne ne a cikin ukun ya kashe shi ba, janareta ko tsaka ko arha, amma ɗaya daga ciki ni na zaɓe shi da hannuna.

Komai za ka iya saya na hannu, ban da fawa. Shi ka sayi sabo, mai nauyi a hannu, wanda ƙarfinsa ya ɗara abin da katin ke nema, wanda kuma yake da irin wayar da katin ke buƙata ba sai an yi masa ƙari ba. Ka ware na sitabilaiza, mai daidaita wuta, tun kafin ka fara ciniki, ka sa shi a wani aljihu daban, ka ɗauka babu shi. Ka ɗora injin a kan tebur, kada ka ajiye shi a ƙasa ko ka manna bayansa da bango, kuma ka riƙa leƙa fankokinsa lokaci lokaci.

Duk abin da na faɗa zuwa nan, mai shago nagari zai iya faɗa maka. Wanda ya rage ba wanda zai faɗa maka sai ni, kuma shi ne dalilin wannan takarda.

Kuɗinka ba zai kai sabon katin hoto ba, na hannu za ka saya, kuma a shagon kawunka za ka saya, domin sana'arsa ce kuma ba zai yi kyau ka kwana a gidansa ka kai ciniki wani wuri ba. Ni ma a wurinsa na sayi nawa. Bayan na farfaɗo daga asarar fawa, samarin Batsari suka dame ni in sa musu wasan ƙwallo a shago. Na tara abin da na tara na tafi Katsina. Alhaji ya tarbe ni tarba ta girma, ya shimfiɗa mini darduma, ya aika aka damo fura. Muka gaisa, ya tambayi ƙanwarsa, ya tambaye ku ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya jawo aljihun tebur ya fito da kati a cikin leda, ya ce, "Wannan cikin kayan da aka kawo mini jiya ya zo. Na so in ajiye wa kaina, amma tunda kai ne." Ya faɗi kuɗi, ya rage da kansa tun ban buɗe baki ba. A gefensa akwai inji a buɗe a kan benci, wanda suke gwada kaya da shi. Ya nuna shi da haɓa ya ce, "Ko a jona maka ka gani?"

Na ce, "Haba Alhaji. Ni in gwada kayanka?"

Ya yi murmushi ya ce, "To, Allah Ya sa albarka." Na ce amin.

Ka lura da wannan wuri da kyau, Sada. Shi ya yi tayi, kamar yadda ake yi wa baƙo tayin abinci, ni kuma na ƙi, kamar yadda baƙo mai kunya ke ƙi. Kowannenmu ya yi abin da aka tarbiyyantar da shi a kai. Yayan matata ne, ya ba ni fura, ya rage mini kuɗi, harshena ya yi nauyi.

Da na kawo katin gida ya kama aiki lafiya. Samari suka cika shago. Ana cikin wasa, da ya ɗauki zafi, sai wasu korayen layuka suka fara ratsa filin, 'yan wasan suka rarrabe kamar an yayyaga su, allo ya yi baƙi. In ya huce ya dawo, in ya yi zafi ya tafi. Na gane ciwo ne a jikinsa tun asali. Abin da ya kamata shi ne in koma washegari. Ban koma ba. Na naɗe shi na sa a ƙasan akwatin tufafina. Da Alhaji ya kira ya ce, "Ya kati, Malam Dalhatu?" na ce, "Alhamdu lillahi." Daga nan na daina biyawa shagonsa in na shiga Katsina, don kada ya sake tambaya. Kuma ba zan ɓoye maka ba, a ƙasan zuciyata na fara zargin ya san halin katin ya ba ni.

Maganar ba ta fito ba sai ranar sunan ƙanwarka, bayan shekaru. Ana zaune ana cin waina, Ila da bakinsa da ba ya riƙe komai ya ce, "Alhaji, ka ga mutumin da ya sayi kati ya yi masa kulle? Har yau shina cikin adaka, ko rana ba ya gani." Mutane suka yi dariya. Kawunka bai yi ba. Bayan an watse ya kira ni gefe ya ce, "Malam Dalhatu, wanda ya kawo mini kayan nan ya ba ni kwanaki in mayar masa da duk wanda bai yi ba. Da ka dawo da shi, da ba kai ka yi asara ba, ba ni ba. Amma ka zaɓi ka riƙe ni a ranka a matsayin macuci, ba ka ba ni damar in wanke kaina ba." Mahaifiyarka da ta ji, abin da ta ce kawai shi ne, "Malam, wannan kunyar taka ta ci kuɗi, ta kuma ci zumunci. Wa ta amfana?" Tun daga ranar muna gaisawa da shi a biki da ta'aziyya, amma ban sake taka shagonsa ba.

Kai kuwa nauyin da ke kanka ya fi nawa. Tuwon gidansa kake ci, a ɗakinsa kake kwana, kuma na san halinka, ko ruwa ba ka iya roƙa a gidan mutane. Zai fito maka da kati, zai rage maka kuɗi, wataƙila ma ya ce ka bar wani abu. Zai yi tayin gwaji sau ɗaya, a hankali, ko kuma ya yi shiru yana jira ya ga ko kai ma ɗan ubanka ne. A wannan lokacin bakinka zai so ya ce haba Kawu. Kada ka bar shi.

Ka tuna ranar da muka kai bijiminka kara, kasuwar shanu. Wanda ya saya dattijo ne da ya san kakanka, amma ya buɗe bakin sa ya duba haƙora, ya ɗaga kofaton da ya taɓa ciwo, ya sa aka zagaya da shi ya ga tafiyarsa. Ka ji haushi? Ni ban ji ba, dillali bai ji ba, domin kowa ya san haka ake sayen dabba ko a hannun ɗan'uwa. Sai da ya gama ya ce ya saya, muka ce mun sallama, kowa ya tafi da zuciya fara. Kuɗin da aka biya bayan an duba haƙora bai kamata a kashe shi ido rufe ba.

Ga yadda za ka yi. Ka ce, "Kawu, Baba ya ce in roƙe ka a jona shi mu gani tare." Ka sa sunana a gaba, in akwai rashin kunya a ciki tawa ce. Kada ka yarda da ganin hoto ya fito kawai, nawa ma ya fito. A sa wasan da za ka riƙa bugawa, shi kansa, a bar shi yana gudana tun daga azahar har la'asar. Ka zauna ka sa ido a allo, ko layi ko ɗigo ko ƙyaftawa. Ka kasa kunne ga fankar katin, ko tana gurnani ko tana tsayawa. Ka duba ƙusoshin bayansa ko an taɓa kwance su, ka sunsuna ko akwai ƙaurin ƙuna, a gwada kowace kafar da wayar allo ke shiga. In ya wuce duk wannan, ka tambaye shi kwana nawa ya ba ka in wani abu ya taso, ka bar shi ya faɗa da bakinsa. In kuma bai wuce ba, ka faɗa masa a nan take, a cikin ladabi, kana kallon ƙasa in ka so, amma ka faɗa. Na yi imani zai fi son haka, domin shi da kansa ya gaya mini.

In injin ya tashi, ka tuna wayar allo a jikin katin ake sa ta, ba a jikin madabod ba. Kuma in an kira salla a tsayar da wasa, ko wa ke cin wani.

Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya kare ka daga sharrin mutum da na ƙarfe da na wuta, Ya sa albarka a karatunka da wannan nema naka, Ya haɗa ka da abokai nagari. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Ila ya ce in gaya maka magagarinsa yana nan in ka buƙata, na ce masa ba zan rubuta ba, ga shi na rubuta.

Ina neman amsar waɗannan a rubuce, ta hannun direban da ya kawo maka wannan, kafin ka fitar da ko sisi:

1. Sunan wasan, da ƙarfin injin da masu shi suka ba da shawara, ka kwafo mini yadda yake.

2. Sunan furosesa da na madabod da irin ram ɗin da kake shirin saya, kowanne da abin da aka rubuta a kwalinsa, in gwada su da kaina a nan.

3. Tabbacin cewa fawa sabo ne, kuma na sitabilaiza yana gefe ba a taɓa ba.

4. Alkawarin cewa duk takardar da ka samu a cikin kwali za ka karanta ta, sannan ka adana mini.

5. Gaskiyar zuciyarka game da kawunka. In za ka iya roƙonsa a jona katin, ka rubuta mini za ka iya. In ka auna ka ga bakinka ba zai buɗe ba, kada ka ji nauyina, ka rubuta ba za ka iya ba, ka riƙe kuɗinka, ka jira ni. Zan rufe shago in hau mota, duk yadda hanyar take, in zo in yi sallama a ƙofar shagon Alhaji Bishir, in zauna a kan dardumarsa, in ce masa a jona mu gani.

Wassalam.

Mahaifinka,
Dalhatu